Duwatsun Baba Dabo

"Kada ki kankare, Barakatu. Ajiye wannan soson," in ji Baba Dabo, muryarsa da kyar take fita.

Na ajiye. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, kuma tun da ya dawo daga asibitin Katsina hannunsa ko cokali ba ya riƙewa. Shekara talatin yana tara duwatsun niƙa na mutanen da, irin waɗanda manoma ke tonowa a kufai wajen Baure. Uku ya fi ji da su, farare sol. Yana can kwance a asibiti, ɗansa Sabiru ya cusa su a buhunan taki ya jefa ɗakin da ke yoyo, wai kada 'yan unguwa su ce ana ajiye gumaka a gidansu. Damina ta yi aikinta, koren rubutun buhu ya zauna daram a jikin dutse.

"Kwaɓa farar ƙasa da ruwan sama, ki shafa da kauri. In ta bushe ita za ta tsotso launin."

Kwana goma sha ɗaya muna haka: mu shafa, mu jira, mu ɓamɓare. Ma'aikatan gidan tarihi sun ce ranar Alhamis za su zo ɗauka, shi kuwa ya rantse ba zai miƙa su da tambarin taki ba.

"Baba, dutse ne fa," Sabiru ya ce yana wucewa.

"Dutse ne. A kan irinsa aka niƙa tuwon da ya raya kakarka."

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Talata bayan la'asar Baba Dabo ya cika, dutse na ukun yana lulluɓe da farar ƙasa.

Ranar Alhamis, sadakar uku, na shiga gidan na tarar da ƙatuwar tukunya a tsakar gida, wuta na ci. Na dubi murhun, sai ga duwatsun nan uku.

"Yaya Barakatu, kin ga yadda suka zauna daidai?" in ji Zubaida matar Sabiru. "Maigida ya ce a ɗora a kansu, ko girgiza ba sa yi."

Na durƙusa gaban murhun. Daga zaure ina jiyo Sabiru yana gaya wa ma'aikatan gidan tarihin da suka zo da mota irin son da Baba ya yi wa kayan tarihi. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba.

Zafi ya tsaga farar ƙasar da na shafa da hannuna, ta faɗo cikin toka. Inda ta bari a jikin dutsen fari tas, babu ko ɗigon kore. Sai hayaƙi ya fara hawa kansa.