Aron Tsohuwa

Ƙwal! Kulkin Radames ya sami ƙwallon a daidai cibiyarta, ta tashi kamar harsashi, ta wuce kan mai jifa, ta nufi tsakiyar fili. Mai tsaron wurin ko taku ɗaya bai yi ba. Hannu kawai ya ɗaga kamar mai tsayar da mota, ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. A dokar wasan besbol, an fitar da Radames ke nan.

Ya dawo benci yana jan ƙafa. Cheo, abokinsa tun suna yara, ya matsa masa wuri yana shafa tumbi.

"Kai mutumina, akwai ka da tausayi," in ji Cheo. "Har hannu kake kai musu ita, don kada bayin Allah su yi gumi."

"Ka ji ƙarar bugun kuwa?"

"Na ji. Har a bakin teku sun ji. Sai dai ba a rubuta ƙara a allo."

Haka abin yake tun da aka fara gasar ranar Lahadi ta ma'aikatan kamfanonin rake a San Pedro. Radames ya fi kowa iya bugu a ƙungiyarsu. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya tsaya bayan gida yana dukan marfin kwalba da sandar tsintsiya don ido ya saba. Amma bana duk abin da ya buga, a hannun wani yake ƙarewa. Shi kuwa Cheo rabonsa da atisaye tun kafin aurensa, yana wurga kulki kamar mai korar kaji, ƙwallon ta yi tsalle biyu ta faɗi inda babu kowa. Ya ce duk aikin Tsohuwa ne, wani kulki da ya sha ƙusa da salatif, wanda yake goge wa jiki da ƙashin saniya, kuma kowace safiya ya ɗiga mata kurɓin farko na gahawarsa.

Da safen nan, a kan farantin dakakkiyar ayaba, Don Fello ya yanke hukunci. Shi ne kocin ƙungiyar, kuma shi ne mahaifin Mirelis, matar Radames.

"Yau in ba ka ajiye ƙwallo a ƙasa ba, benci za ka koma," ya ce. "Gari ya ɗauka don kana auren 'yata nake riƙe da kai. Na gaji da jin haka a wurin aski."

Bugun Radames na biyu ya fi na farko kyau. Ƙwallon ta nufi katanga, mai tsaron gefe ya bi ta da gudu, santsi ya kwashe shi, ya faɗi rigingine. Ƙwallon ta sauko ta zauna cikin safar hannunsa yana kwance. Shi kansa sai da ya leƙa ya tabbatar.

Cheo ya yi dariya har da tari. Daga cikin 'yan kallo muryar Mirelis ta taso: "Baba, in ka cire shi, gidanka zan turo shi ya yi maka ƙorafin! Ni na ji nawa!"

Don Fello bai waiwaya ba. Hularsa kawai ya ƙara ja ƙasa.

Zagayen ƙarshe ya zo ana kunnen doki. Ɗan wasansu ɗaya yana tsaye a zango na uku, yana jiran bugun da zai shigo da shi gida ya ci musu maki, kuma Radames ne na ƙarshe da ya rage musu. Ya tsaya gaban kulake, ya ɗauki nasa, sumul, mai ƙyalli. Ya ajiye. Ya sake ɗauka. Sannan ya sunkuya kusa da kunnen Cheo.

"Ara min ita."

"Wa?"

"Ka san wa."

"Wadda ka ce ko a murhu ba za ta yi amfani ba?" Cheo ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Jama'a, mai sandar tsintsiya ya zo neman taimako!"

"Cheo, don Allah. Lokaci."

"Gaishe ta tukuna."

Radames ya dubi alƙalin wasa da ke yi masa alama da agogo. "Ina wuni, Tsohuwa."

"Ta amsa. Riƙe ta a hankali, ba ta son garaje."

Jifa na farko ya kai duka ya sami iska. Na biyu ma haka. Saura ɗaya a fitar da shi. Kulkin ya yi masa nauyi a kai, salatif ɗin yana manne masa a tafi. Ya hango surukinsa ya riga ya juya yana magana da wanda zai gaje shi.

Jifa na uku ya kuɓuce wa mai jifa, ya nufo kansa kai tsaye. Radames ya runtse ido, ya duƙa don ya tsira da haƙoransa. Ƙwallon ta daki kulkin da ke rataye a bayan wuyansa. Ƙaras! Tsohuwa ta rabe biyu. Ƙwallon ta yi wani lalataccen tsalle, ta haye kan mai tsaron zango na farko, mutum uku suka rugo mata, suka yi karo, ita kuwa ta sauka a ciyawa tsakanin ƙafafunsu ta kwanta.

"Gudu, sakarai!" Mirelis ta ƙwala ihu. Sai lokacin ya buɗe ido. Ya ruga, ya taka zango na farko, ɗan wasansu na zango na uku ya shige gida da makin nasara. Fili ya kaure da sowa.

Don Fello ya taho a natse, hannu a baya, 'yan wasa na buɗa masa hanya.

"Kun gani?" ya ce musu. "Wannan ita ce ƙwarewa. Ya lura duk sun ja baya suna jiran babban bugu, sai ya ajiye musu ita a gaba. Yaran yanzu ina suka san wannan?"

Radames ya buɗe baki. Mirelis, wadda ta riga ta tsallako shinge, ta taka masa ƙafa.

"Haka ne, Baba," in ji Radames. "Na daɗe ina shirya ta."

Da mutane suka watse, ya tarar da Cheo zaune shi kaɗai, rungume da rabin kulki.

"Ka kashe min ita."

"Itace ne fa, Cheo. Na sha gaya maka."

Ya faɗi haka, amma bai nufi ƙofa ba. Ya koma fili ya ɗauko ɗaya rabin, ya durƙusa yana lalube cikin ciyawa har ya tsinto ƙusoshi biyu da suka fice. Ya karɓi na hannun Cheo, ya haɗa su, ya duba tsagewar da kyau.

"Za ta ɗinku. Kafintan layinmu yana buɗewa gobe." Ya naɗe ta cikin tawul ɗinsa, ya sa a jaka, ya ja zif. Ya yi taku biyu, ya tsaya, bai juyo ba.

"Gahawar tata," ya ce ƙasa-ƙasa, "da sukari take sha, ko babu?"