Ƙarin da Ke Bayan Idon Douwe

Wietske ta sake gwajin safe, ɗigon da ke nuna inda harbin na'ura ya faɗa ya sake sauka gefen alamar da ke kan allo. Kaucewar ba ta kai kaurin farce ba. Aikinta a asibitin shi ne kula da manyan maganaɗisun da ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin furoton, waɗanda na'ura ke harbowa da gudu, har su sauka daidai kan ƙarin da ke jikin majinyaci. Yau ƙarfin ɗaya daga cikinsu yana rawa, ƙwayoyin kuma suna bin sa duk inda ya karkata.

Dakta Terpstra ya duƙa ya duba allon. "Ai bai wuce iyakar da aka yarda da ita ba."

"Ɗazu ya fi haka kusa da alamar, Dakta. Matsawa yake yi."

"Kin dai san wanda ke farkon layi. In ya koma gona yau, ba na jin za mu sake ganinsa."

Ta sani. Yayanta ne, Douwe, mai kiwon shanun madara a wani ƙauye kusa da Dokkum. Ƙari ne ya fito masa a bayan ido, dab da jijiyar gani. Sai da ta shafe damina tana roƙonsa kafin ya yarda ya zo, shi ma bisa sharaɗin ba za a ɓata masa yini ba.

Ta danna maɓallin dakatarwa, ta fita.

Ta sami Douwe a ɗakin jira, ya ɗora hularsa a gwiwa, yana cin burodi da cuku daga cikin takarda.

"Sai ga masaniyar gidanmu," in ji shi. "An shirya gasa ni?"

"Ba yanzu ba, Yaya. Na tsayar da na'urar."

Ya daina tauna. "Ta lalace?"

"Ba ta lalace ba. Abin da muke harbawa yana ɗauke da cajin lantarki. Muddin yana gudu, maganaɗisu na tura shi gefe, da haka muke juya shi zuwa inda muke so. Yau turawar ba ta tsaya wuri ɗaya ba."

"Kamar nawa take kaucewa?"

Ta nuna masa bakin farcenta.

Ya yi dariya. "Saboda wannan na baro shanu tun asuba? Ke dai tun kina yarinya komai sai kin auna."

"Tsakanin ƙarin da jijiyar idonka bai fi haka da yawa ba."

Douwe ya naɗe sauran burodin, ya miƙe, ya sa hularsa. Wietske ta bi shi da ido har bakin ƙofa. Duk abin da take da shi na roƙo ta riga ta ƙarar.

A bakin ƙofa ya tsaya ya zaro waya.

"Sjoukje," ya ce wa matarsa, "ki ce wa maƙwabci ya taya ki tatsar yamma. A'a, ba a yi ba tukuna. Ƙanwata ce ta kashe musu injin." Ya saurara kaɗan. "Ita kaɗai. Har da likita a tsaye."

Ya kashe wayar, ya dawo ya zauna, sannan ya ɗaga kai ya dube ta da idonsa mai lafiya.

"To me kike jira a nan? Je ki gyara."