Inda Mairam Ta Tsaya

"To ina yarinyar?" in ji Inno, tana leƙen kwamfutar ta saman kafaɗarsa. "Ɗazu ai su biyu suka hau dutsen nan."

"Ta koma bakin gari, Inno."

"Korar ta ka yi ke nan. Halinka ne, mijin banza."

Kullum Ukasha yakan rama tsokanar kakarsa, amma yau hankalinsa na kan kwamfutar. Ta ajiye masa kwanon fura ta koma tsakar gida wajen awakinta.

Wasan kwamfuta ne da suka fara haɗawa shi da Mairam a shekararsu ta ƙarshe a makaranta a Kazaure. Matafiya biyu ne cikin duwatsun Roni, saurayi a gaba, budurwa tana biye. Ba dogon rubutu ake yi ba. Akwatunan umarni ake jerawa a fuskar kwamfuta, a ja zare daga wannan zuwa wancan. Shi ya haɗa na saurayin, ita ta haɗa na budurwar. Da ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, ta tsare shi da ido ta ce ya yake gani. Ya ce ta tafi mana, shi mene ne nasa. Wata takwas ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Ya dawo gida Roni da wasan, kamar wanda aka bar wa maraya. Babban aibin wasan shi ne mantuwa: da an rufe shi, komai sai ya koma farko. Sati biyu Ukasha ya yi yana gina maɓallai biyu, Ajiye da Ɗauko. Na farko ya rubuta inda mutum ya tsaya, na biyu ya mayar da shi wurin.

Yau da la'asar ya gwada. Ya kai su ƙolin dutse, ya danna Ajiye, ya rufe, ya buɗe, ya danna Ɗauko. Sai ga saurayin a ƙoli shi kaɗai. Ita kuwa tana can ƙasa inda ake farawa, mayafinta na kaɗawa, tana fuskantar hanya.

Ya gane kuskurensa nan take. Wurin tsayuwar nasa kawai ya jona wa zare, bai ko tuna da nata ba.

Ya daɗe kafin ya buɗe shafin akwatunan Mairam, karo na farko tun tafiyarta. Ga su a jere tsaf, kamar yadda take jera littattafanta. Amma dukkansu da Barbarci ta raɗa musu suna, harshen da suke yi a gidansu, wanda shi ba ya ji. Ya tuna ranar da ya yi mata ƙorafi, ta yi dariya ta ce, "Malam, in kana so ka sani, ka tambaye ni. Ina zan je?"

Akwati talatin da ɗaya. Ya jona wanda ya yi zaton shi ne na wurin tsayuwarta, budurwar ta nutse cikin ƙasa har wuya. Ya jona wani, ta ɓace ɗungurungum. Ya yi maza ya cire zaren, sai ga ta ta dawo bakin gari.

Akwai hanya mai sauƙi. Ya goge ta, wasan ya zama na mutum ɗaya, Ajiye da Ɗauko su yi aiki lafiya lau. Ya zagaye akwatunan nata duka, suka yi shuɗi, ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

"Angon, furar ta yi tsami ko?" Inno ta ɗaga murya daga waje.

"A'a."

"To me ka yi tsit kamar an yi maka rasuwa? Ka samo ta?"

Ya janye yatsansa, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Ban san sunan inda take tsaye ba, Inno. Ita kaɗai ta sani. Yanzu zan kira ta, in fara da ba ta haƙuri."