Sifirin ɗin da Yaya Ya Juya

Tun daga bakin rumfar da muke ajiye jirginmu na hango abin da aka yi wa totur ɗina. An cire sifirin daga inda na maƙala shi, an mai da shi ɗaya gefen, an ɗaure da wata tsohuwar waya mai tsatsa. Ba sai an gaya min aikin wane ne ba. Yayana kaɗai ke murɗa waya ya bar jelarta a tsaye tana jiran yatsan mutum.

Shekara biyu ke nan muna haɗa wannan ƙaramin jirgin sama, ni da shi. Yaya makanikin mota ne, amma tun ran da ya sayi farar riga mai aljihu huɗu ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Ni sana'ata sassaƙa ƙarfe, shi ya sa yake ce min Mai Awo, wai ko gaisuwa sai na auna. Injin da muka ɗora wa jirgin daga tsohuwar mota muka ciro shi, irin wanda ake kira rotari: ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Hanyar shan iskarsa ta mota ta ƙi shiga hancin jirgin, dole na ƙera sabuwa. Bututun alminiyum biyu na yi, kowanne da wani a cikinsa yana zamewa, a ƙara tsawo ko a rage har injin ya sami numfashin da yake so. A bakinsu na sa totur, wani ɗan faifai mai buɗe wa iska hanya ya kuma rufe ta. Sai da na lalata guda uku kafin na huɗu ya zauna daidai.

To ga inda maganar take. A mota, aikin sifirin shi ne rufe totur: kebul ɗin da ke jan sa ya tsinke, mota ta lafa, ka gangara gefen titi. A sama babu gefen titi. Shi ya sa na sa nawa ya riƙa jan faifan ya buɗe, don in kebul ya tsinke injin ya ci gaba da aiki har matuƙi ya kawo kansa fili. Yaya ya san wannan sarai. Na faɗa masa ya fi sau ashirin, har zana masa na yi a bayan kwalin batir.

Kuma ran nan ne za a fara tashi da jirgin. Wanda zai tuƙa shi surukin Yaya ne, mijin babbar 'yarsa, matuƙin jirgin feshin gona, yaro mai sanyin hali. Ga shi can yana zagaya fiffike yana dubawa. Matarsa na zaune a benci da jaririyarsu a cinya.

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa min sifirin?"

"Gyara maka na yi." Ko ɗagowa bai yi ba, yana goge farfela, fankar hancin jirgin, da tsumma.

Da na matsa masa, sai labarin ya fito. Ashe jiya da yamma ya tara abokansa na gareji, ya tada musu injin don su gani. Ya saki hannun totur yana bayani, ya manta bai ɗaure notin da ke riƙe shi ba. Sifirin ya ja, injin ya kwarara ihu, iska ta kifar da teburin da suka jera kofuna a kai, ta kwashe hularsa ta jefa a kwata. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Yau mutane za su zo da wayoyinsu," in ji shi. "Ba zan sake zama abin dariya ba."

"Haba Yaya! To ka ɗaure notin mana. Don me na yi shi?"

"Kai dai ka cika tsoro. Kebul sabo ne fil, me zai tsinka shi?"

"To kai ka hau."

Ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarmu. "Ni da hawan jini?"

Tir! Wallahi ƙyamarsa na ji, irin wadda mutum ke ji in ya taka abu mai laushi ba takalmi. Mutumin nan hularsa ce ta faɗa kwata, shi ne zai aika ɗan mutane sama da abin da ya san ba daidai ba.

Na kira surukin na nuna masa. Ya duba. Ya gane, yaya ba zai gane ba? Amma sai ya saci kallon Yaya, ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ai Baba ya ce ya gwada, lafiya lau."

Shi ma ya ba ni haushi. Mutum da mata da 'ya, ya gwammace ya faɗo daga sama da ya ce wa surukinsa a'a.

Na ce, "Shi ke nan. A tada shi mu ji."

Yaya ya washe baki, ya zaci na sauko. Jelar jirgin dama a ɗaure take da turke, tayoyin an tokare su. Surukin ya shiga ya tada injin, ya tura totur har ƙarshe kamar yadda zai yi lokacin tashi. Kai, bututun nan nawa sun yi waƙa! Sauti ɗaya tsaf, babu tari babu shaƙewa. Na ba shi ɗan lokaci ina saurare, don na san ba zan sake jin sa ba. Sannan na zaro filaya daga aljihu, na zura hannu kusa da gwiwar yaron inda kebul ɗin ya wuce, na datse shi.

Sifirin Yaya ya yi aikinsa. Faifan ya rufe ƙap, injin ya rage gudu ya faɗo silo, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Farfela ta tsaya cak.

Na nuna wa surukin dogayen bishiyoyin da ke ƙarshen filin. Na ce, "Da yanzu kana saman waɗancan."

Ya bi bishiyoyin da kallo. Hannunsa na nan kan totur, yana tura abin da ba ya haɗe da komai.

'Yar Yaya ta miƙe tsaye, jaririyar a kafaɗa. Ta ce, "Baba, ka san haka zai yi?"

Ina jira in ji me zai ce mata. Sai ya zagayo, ya leƙa, ya kamo guntun kebul ɗin yana jujjuya shi a hannu.

"Ai ba da kansa ya tsinke ba," in ji shi. "Mai Awo, ka san wahalar da na sha kafin in samo kebul ɗin nan?"

Ko kallon 'yar tasa bai yi ba. Ta tsaya kaɗan, ta gyara wa jaririyar hula, ta juya ta nufi mota.

Noti huɗu ne ke riƙe da totur ɗin da bututunsa, kuma kwance abina zan yi in tafi da shi. Na naɗe hannun riga na fara laluben sifana a akwati, Yaya na bayana yana ta faɗa, wai mutane na hanya, wai me zai ce musu. Na duba ko'ina ban ga mai lamba goma ba. Sai na ji an taɓa min kafaɗa. Surukin ne ya sauko, fuskarsa sharkaf da gumi, yana miƙo min ita.

Ya ce, "Baffa, bari in riƙe maka bututun. Da zafi."