Mantuwar Malama Ilona

A duk arewacin Ohio babu lauyan da ya kai Casimir Dudek iya yi wa shaida tambaya. Ra'ayinsa ne shi ma, kuma ƙungiyar lauyoyin garinmu ta tabbatar da shi a kan allo mai ruwan zinare bayan shari'ar Vernon Halas. Ni na rubuta zaman shari'ar kalma bayan kalma, aikin da na shekara ashirin da biyu ina yi a kotun tarayya ta Toledo, digirina na tarihi yana rataye a bangon gida yana hutawa.

Tuhuma ɗaya ake yi wa Vernon: sa wani yin shaidar zur. An kama ƙanensa Denis da laifin sace tirela cike da wayar lantarki ya tsallaka da ita Michigan. A shari'ar Denis, gwaggonsu Malama Ilona Kertes, wadda ta raine su bayan rasuwar iyayensu, ta rantse cewa a yammacin ranar yana gidanta yana cin kaza da jan barkono. Wayar salularsa kuwa ta ce yana wajen ajiye tireloli. Aka gaskata wayar, aka ɗaure shi shekara bakwai. Daga baya masu bincike suka samu ƙaramin kati a jakar tsohuwar, da rubutun hannun Vernon: rana, lokaci, da abin da aka ci.

Vernon mai kantin magani ne, 'ya'yansa uku. In aka same shi da laifi, shekara biyar ce a gidan yari, lasisinsa kuma ya tafi. Gwamnati ta ba tsohuwar takardar kariya, wadda ta ce ba za a yi amfani da abin da za ta faɗa a kanta ba, saboda haka ba ta da damar yin shiru. Dole ta hau akwatin shaida ta ba da ɗan ɗan'uwanta.

Wata uku kafin zama, Dudek, lauyan Vernon, ya same ni a wurin cin abincin rana, ya zauna ba tare da an gayyace shi ba.

"Farfesa, bari in koya maka abin da ba a koya maka a jami'a ba," ya ce, yana cin dankalina. Haka yake kirana saboda digirin nan. "Abu uku gwamnati za ta tabbatar. Tsohuwa ta yi ƙarya tana sane. Vernon ya san ƙarya ce. Shi ya sa ta. In ta yarda da abin da ta faɗa har zuciyarta, kuskure ta yi, ba zur ba. In babu zur, me aka sa ta yi?"

"To ta yarda da shi?"

"Waccan matar? Sau ɗaya na je gidanta. Ta gyara mini lissafin kwanaki, ta ba ni shayi, ta raka ni ƙofa. Kanta ya fi nawa da naka a haɗe."

"Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini?"

"Na yi maka kama da mai neman ɗaki kusa da na Denis? Ko tari ban yi a gabanta ba."

Na yarda da shi, domin ni ma na san kan nan. Ita ta koya mini lissafi a ƙaramar sakandare.

Bayan mako biyu na shiga ɗakin karatu na lauyoyi, wanda kowa ke da izinin shiga amma babu mai shiga. Malama Ilona na zaune da kwat ɗinta na zuwa coci, gabanta littafin umarnin da alƙali kan karanta wa mutum goma sha biyun da ke yanke hukunci.

"Bartos," ta ce, ba ta ko ɗaga kai sosai ba. "Layi na uku, kusa da taga. Har yanzu kana ƙirga da yatsu?"

Shekara talatin da bakwai ke nan rabon da ta gan ni.

"Yanzu da yatsun nake cin abinci, Malama."

"Madalla." Ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Wannan da ya ce 'yana sane', ana karanta musu shi yadda yake?"

"Ni mai rubutu ne kawai, Malama."

"Ban tambaye ka aikinka ba."

"Yadda yake ake karanta shi."

Ta rufe littafin, ta mayar da shi gurbinsa daidai, ta fita.

Ranar Laraba ta biyu ta shari'ar aka kira ta. Mai gabatar da ƙara, Madam Tisdale, mace ce mai tsari wadda ba ta yin tambayar da ba ta san amsarta ba. Ta ɗaga katin.

"Kin san wannan?"

"Na sani. Vernon ya rubuta mini."

"Don me?"

"Ni na roƙe shi. Yana rubuta mini na magani ma."

"Ya faɗa miki abin da za ki ce a kotu?"

"Ni na faɗa masa, shi ya rubuta. Denis ya zo ranar Alhamis, ya ci cinya biyu, ya bar mini kwano bai wanke ba."

"Malama, kin ji abin da wayarsa ta nuna."

"Na ji, 'yata. Ban san abin da waya ta gani ba. Ni dai na ga yaron."

Na sha rubuta maganar maƙaryata, har ina iya jin su a yatsuna kafin alƙali ya ji. Suna yawan bayani, suna kame-kame, suna cewa ba su tuna ba. Ita ba ta ce ta manta ba ko sau ɗaya. Kowace amsa takan fito a miƙe, da muryar da ke sa yara talatin yin tsit. Sai dai a cikin amsa goma, ɗaya takan kauce kaɗan. Ta faɗi lambar gidanta na dā, wanda aka rushe. Ta ce Denis yana aiki a kamfanin gilashin da ya bari tun yana saurayi. Madam Tisdale ta fara juya takardunta da sauri fiye da yadda ta saba.

Dudek ya miƙe da tambaya arba'in a rubuce. Uku ya yi.

"Malama, yau wace rana ce?"

"Talata."

Ya tsaya. Na gan shi ya kalli takardarsa, ya kalle ta, ya kife takardar a kan tebur.

"Shekararki nawa kina koyarwa?"

"Talatin da takwas." Wannan daidai ne.

"Wa ya kawo ki kotu yau?"

"Maigidana Andor. Yana waje, ba ya son hawa bene."

Andor Kertes ya shekara tara da rasuwa, rabin mutanen ɗakin sun je jana'izarsa. Ta dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda ya yi surutu a aji. Sai bakinta ya ɗan buɗe. Ta sunkuya ta kalli hannuwanta.

"A'a," ta ce a hankali. "A'a. Ku yi haƙuri."

Na'urar rubutuna ba ta da maɓallin abin da ya biyo baya. Na rubuta cewa shaida ta yi shiru. A ƙa'ida layi ɗaya ke nan, amma ya kai minti guda, kuma a cikinsa wani direban bas daga cikin sha biyun ya cire tabarau yana goge ido. Na ga manyan lauyoyi suna aiki, na ga wani ya sa likita ya ƙaryata littafin da shi da kansa ya rubuta. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba, kuma wadda ta yi shi ba ta karanta doka ba sai na yini ɗaya.

Cikin awa biyu aka wanke Vernon. A matakalar kotu Dudek ya bayyana wa 'yan jarida cewa sirrin tambaya shi ne sanin lokacin dainawa. Da ya juyo muka haɗa ido, ya ce, "Kada ka ce komai, Farfesa." Na wuce abina.

Marta, 'yar Malama Ilona tilo, tana benci na biyu a ranar. Ma'aikaciyar jinya ce a Columbus, mai son uwarta, kuma ta gaskata abin da ta gani kamar yadda sha biyun suka gaskata. Ta nemi kwafin shaidar, shafi ashirin da shida, da sa hannuna a ƙasa cewa haka aka faɗa. Ta kai wa likita, daga nan ta kai kotun da ke duba al'amuran marasa ƙarfi, tana neman a ba ta riƙon uwarta saboda gigin tsufa.

Da tsohuwar ta so, da minti biyar ya ishe ta ta kunyata likitan. Amma takardar kariya ba ta rufe ƙaryar da aka yi a ƙarƙashinta, kuma Madam Tisdale mace ce mai karanta takardun kotunan da ba nata ba. In kan Malama Ilona ya dawo, za a tambayi wanda ya sa ta ta ɓatar da shi, kuma sunan farko da za a duba na Vernon ne. Sabon laifi, sabuwar tuhuma. Da likita ya ce ta zana agogo, sai ta sa ƙarfe sha ɗaya sau biyu.

Wata Asabar da safe na bi ta gidanta, ranar da za a kai ta gidan tsofaffi. Vernon yana ta ɗaukar kwalaye zuwa mota, bai kalli kowa ba. Na same ta a kicin ita kaɗai, tana naɗe kofuna a jarida.

"Bartos. Shafi na sha tara, layi na huɗu. Cewa na yi 'kwano', ka rubuta 'kwanuka'."

"Zan gyara, Malama."

"Bar shi. Ka dai riƙa kula."

"Malama, ko akwai abin da…"

Takun Marta ya taho daga falo. Tsohuwar ta ajiye kofin, ta yi mini murmushin da ake yi wa mai kawo wasiƙa.

"Marta, wane ne wannan bawan Allah? Ki ba shi shayi."

"Ɗalibinki ne, Mama. Taho, mota na jira."

Tsohuwar ta ciro makullin gidan daga aljihun kwat, ta sa a tafin 'yarta. Ta nufi kujerar direba kamar yadda ta saba, Marta ta kamo gwiwar hannunta a hankali ta kai ta kujerar baya. Ta ɗaura mata bel, ta danna ɗan makullin nan da ake sa wa yara don kada su buɗe ƙofa daga ciki, ta rufe.