Karan Awon Hajiya Adama

"A ɗaga ta hagu! Hagu na ce!" in ji Sodiq mai walda.

Maza shida suka ɗaga da nishi. Tukunyar ta shiga zauren Alhaji Maigandi har rabi, sai ta tsaya cak. Aka tura, aka ja, aka kwantar da ita ta gefe, ban da ƙasar bango ba abin da ya motsa.

Sodiq ya share zufa da hularsa. Shekararsa ashirin da biyu yana walda a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, Hausar Kabi ta zauna a bakinsa har mutane kan manta daga Ogbomoso iyayensa suka zo. Ya sani sarai cewa a tsohon garin Argungu ba a gina zaure ƙofa tana kallon ƙofa. Sai ka shiga ka karya kwana, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Sanin bai hana shi ƙera tukunyar turara shinkafa doguwa kamar kwale-kwale ba.

Wata uku ya yi a kanta. Kuma a yi masa adalci, ya yi shawara. Sau huɗu yana zuwa Argungu, yana zama a kan tabarma a ƙofar gidan nan da mazajen matan ƙungiyar masu gumi, wato masu turara shinkafa, yana tambayarsu yadda suke son ta. Su kuwa mazajen, waɗanda ko ludayi ba su taɓa sawa a tukunyar gumi ba, bakinsu ɗaya: a yi ta babba, ta fi ta mutanen Augie. Ya yi ta babba. Ya goge ta tana ƙyalli, ya manna farantin tagulla mai sunansa da lambar wayarsa a tsakiyar cikinta.

"Malam Sadiku."

Muryar ta fito daga bayan labulen ƙofar ciki. Hajiya Adama ce, uwargidan Maigandi, shugabar ƙungiyar. Bai taɓa ganin fuskarta ba.

"Na'am, Hajiya. Ina wuni?"

"Lahiya lau. Buhu goma sha biyu munka jiƙa tun jiya da marece, don ka ce yau da hantsi tukunya na kan wuta. Ga shi an yi azahar. Ka ji warin da ni ka ji?"

Ya ji. Wani ɗan tsami-tsami ne ke biyo iska daga tsakar gida. A zafin nan na bazara, shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, in ta wuce lokacinta a ruwa sai ta yi tsami, kuma ba mai sayen shinkafa mai wari a kasuwar Argungu ko da rabin kuɗi. Shinkafar mata tara ce, noman ranin shekara guda.

"Hajiya, tsofaffin gangunanku fa? A fara da su mana."

"Waɗanda kak kwashe sati biyu da sunka wuce, kac ce ƙarhensu za ka narka ka yi muna murhu?"

Ya waiga waje. Murhun yana can a bayan a-kori-kurar da ya zo da ita, tare da injin walda da janareto.

Maigandi ya gyara babbar riga, ya ce a ɗaga ta a tsallake da ita ta katanga. Aka dubi katangar, ta laka ce tun ta kakansa, aka dubi ƙarfen, aka ga ba za ta ɗauka ba. Wani ya ce a kafa murhu nan waje, maza su turara.

"Wa zai turara?" in ji labule. "Cikinku wa ya san lokacin da ƙwaya ta ka buɗe baki?"

"To a hwasa bangon zaure!" Maigandi ya daka tsawa, kunya ta koma masa fushi.

"Alhaji, bangon ga shi ad ɗauke da azara. Ka hwasa shi, rufin ya sauko bisa kanmu." Sai ta koma kan Sodiq. "Malam Sadiku, ina karan da na aiko maka?"

Nan ne fa ya tuna. A zuwansa na biyu, yana shirin tashi, Maigandi ya miƙo masa wani karan dawa yana dariya, ya ce wai awon mata ne, an ce a ba shi. Shi ma ya yi dariya, ya shafa tef ɗin awonsa na ƙarfe a aljihu. Bai tambayi awon mene ne ba. Karan yana nan a shagonsa har yau, da shi yake tokare taga.

"Yana nan, Hajiya," ya ce a hankali.

"Shina nan. To madalla. Duk abin da yah hi karan ga tsawo ba ya karya kwanar zaurenmu. Da shi muka auna gado, da shi muka auna kabad in za a yi wa ɗiya jere. Gidajenmu tara duk ginin guda na. Kuma ko ta shiga, mu biyu-biyu muka ɗaukar tukunya mu juye. Wagga ko mu goma ba mu ɗaga ta."

Sodiq ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana koyon aiki. Wata uku yana tambayar waɗanda ke ƙofar gida, masu tukunyar suna taku biyar daga inda yake zaune.

"Me kuke so a yi?"

"Ka raba ta biyu. Ka toshe bakunan. Kana iyawa kahin la'asar?"

Ya yi lissafi a ransa. Akwai farantan ƙarfe biyu da ya kawo don gindin murhu, da su zai toshe bakunan. Yanka, walda, gwajin yoyo.

"In Allah ya so. Amma da ƙyar."

"To ka bar tsayuwa."

Aka jawo tukunyar waje da baya-baya, aka dire ta a rana. Hannunsa ya tafi aljihu wajen tef, sai ya ji motsi a ƙasa. Wani sabon kara ne ake turowa ta ƙarƙashin labule. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Ya ɗora karan daga bakin tukunyar, ya ja layi da alli inda ya ƙare. Layin ya ratsa ta tsakiyar farantin tagulla, ya raba sunansa gida biyu.

"Gusa shi kaɗan mana," in ji Maigandi. "Ɗan taƙi guda ba ya ɓata komi."

Sodiq bai gusa ba. Ya ja igiyar janareto, ya ɗauki injin yanka, sannan ya juya wajen labulen ya ɗaga murya.

"Hajiya! Hannuwan ɗauka fa, a ina kuke son su?"

Sai muryoyin mata tara suka taso a lokaci guda, kowace da nata. Ya kasa kunne har suka daidaita, sannan ya ɗora injin a kan layin allin.