Daga Gadar Ƙarfe Zuwa Sama

Mas Linval, kamar a ce Malam Linval, ya ɗauki baƙo a filin jirgin sama na Montego Bay ranar Alhamis da tsakar rana, ya nufi Harmony Gap da shi.

Shekara arba'in da ɗaya yana bin wannan hanya. Tafiyar awa biyu ce in ba a yi ruwa ba. Ya san kowane rami, wanda aka cike da wanda aka yi alkawarin cikewa. A da, mutum in ya sauka daga jirgi sai ya tambayi Linval, a nuna masa farar mota. Yanzu ba mai tambayar kowa, waya ake dannawa tun daga gida. Shi ya sa 'yarsa Marva ta shigar da sunansa wani kamfani da ke zaune cikin waya, mai haɗa matafiyi da motar da za ta kai shi shi kaɗai. Sai da ta yi wata huɗu tana cike takardu. Yanzu cikin baƙi goma da yake ɗauka, tara daga can suke fitowa.

Babbar dokar kamfanin ita ce in baƙo ya kama mota, ba mai shiga sai shi. In aka kai ƙara sau uku, a goge sunan direba. Linval yana da biyu. Ta farko saboda matar fasto da tukunyar miyarta. Ta biyu saboda Mas Egbert da akuyarsa, wadda ta cinye rabin malafar wata Baturiya.

Da safiyar ranar Marva ta tsaya a gaban motar, ta riƙe ƙugu.

"Baba, dube ni."

"Ina ganinki. Kin tare hanya."

"Saura ɗaya. Yau ko fasto ka gani yana rarrafe, ka wuce."

"Na ji."

"Ba na ji nake so ba. Ka ce to."

Ya danna hon. Ta kauce.

Marva ta san abin da take roƙo ba ƙarami ba ne. A wurinmu, daga teku zuwa Gadar Ƙarfe hanyar gwamnati ce, kowa ya san yadda zai yi da kansa. Daga gadar zuwa sama kuwa, bas sau biyu take hawa a yini. Mai motar da ke da kujerar da ba kowa a kanta, ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Ba a biya. Kuma ba a ɗaga hannu, don ɗaga hannu roƙo ne, wannan kuwa ba roƙo ba ne. Mutum ya ji ƙarar mota a bayansa, sai ya sauke kayansa ya jira. Haka uban Linval ya yi da keken alfadarinsa, har alfadarin ya koyi tsayawa da kansa.

Baƙon sunansa Mista Orville Tennant, daga Landan. Zai kai hamsin da biyar. Ya sa kwat cikin wannan zafi. Ubansa haifaffen Harmony Gap ne, ya mutu bara a Ingila, ya bar masa fili a kan tudu wanda bai taɓa gani ba. Shi ya zo dubawa. Ya shiga baya da takarda a hannu.

"Kai ne direban?"

"Ni ne Linval."

"An rubuta a nan, mota tawa ni kaɗai, da na'urar sanyi, ba tsayawa."

"Na'urar tana aiki in ana gangara."

"Yanzu fa?"

"Hawa za mu yi."

Mista Tennant ya cire kwat. Suka wuce otal-otal na bakin teku, suka wuce gonakin rake. Mutumin bai dubi komai ba sai wayarsa. Linval bai damu ba. Baƙon da ba ya magana ya fi wanda ke tambayar sunan kowace bishiya.

Tayoyi suka yi ƙara a kan Gadar Ƙarfe. Hanya ta tsuke, ta fara nannaɗe tudu. Gonakin doya suka bayyana, sanduna a jere har ƙarshen gani. Linval ya yi ta fatan hanya ta zama ba kowa. Ya sha kwana ta farko, ba kowa. Kwana ta biyu, kare kawai.

A kwana ta uku ya hango jar hula.

Mis Icilda ce. Ta ba saba'in baya. Kwando a ka, zakara a hammata, tana hawa a hankali kamar mai auna hanyar. Tare suka yi aji uku da Linval a makarantar coci, kafin a kore shi ita ta ci gaba. Shekara sittin ke nan ba su taɓa haɗuwa ba tare da ta zage shi ba.

Ta ji motar. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta sauke kwandon a gefen hanya, ta gyara hula, ta tsaya.

Ƙafar Linval ta tafi kan birki da kanta. Ya tuna Marva da takardun wata huɗu. Ya ɗauke ƙafar. Farar mota ta wuce.

Ya yi niyyar kada ya dubi madubi. Ya duba. Tana tsaye inda take, baki a buɗe. Har zakaran ya juyo da wuya yana bin motar da kallo.

Ya yi tafiyar da ba ta kai mil guda ba. Sitiyari ya yi masa nauyi. Wuyan rigarsa ya jiƙe. Wajen wata bishiyar mangwaro ya taka birki, ya sa giyar baya, ya ɗora hannu a kan kujera, ya fara komawa.

"Lafiya? Mota ta lalace?" in ji Mista Tennant.

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa muke tafiya da baya?"

"Na yi mantuwa."

Da suka iso, baƙon ya ga jar hula, ya ga kwando, ya ga zakara. Ya gane.

"A'a. A'a, direba. Na kama motar nan ni kaɗai. Ga takarda!"

"Bayan duk naka ne. Gaba za ta zauna."

"Zan kai ƙararka. Yanzu, ba sai anjima ba."

"Yi sauri. Daga kwanar gaba waya ba ta kamawa."

Mutumin kuwa ya yi sauri. Linval yana jin yatsunsa suna dukan waya, ya fita ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba.

"Mis Icilda. Shigo."

Ta dube shi daga takalmi zuwa hula.

"Wa nake gani? Kamar wani da na sani. Yanzu wata farar mota ta wuce ni, na ce Allah sarki, Linval ya mutu an sayar da motarsa."

"Rana ce ta kashe mini ido."

"Ranar tana bayanka, tsohon banza."

"To shigo mana."

"Ni? Wane ni da motar manya? Bari in tafi da ƙafata. In na faɗi a hanya, ka ratse kada in ɓata maka taya."

"Icilda, mutane za su gani."

"Sun riga sun gani. Egbert yana kan tudun can yana saran sanduna. Kafin ka kai gari, labari ya ci abinci ya wanke hannu."

Linval ya ɗauki kwandon ya sa a but. Ya dawo ya cire hularsa. Tun jana'izar matarsa ba wanda ya ga tsakiyar kansa a waje. Mis Icilda ta leƙa sanƙon da kyau, kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

"To. Don tausayin wannan kan zan shiga. Mayar da hular kada tsuntsaye su ruɗe."

Ta shiga, zakara a cinya. Mota ta tashi. Ba a yi nisa ba ta juya ta ƙare wa na baya kallo.

"Ɗan nan, ba a gaisuwa a garinku?"

"Barka da rana," in ji Mista Tennant, fuska a murtuke.

"Juya gefe in gani."

"Me?"

"Juya, na ce."

Ya juya. Shi kansa bai san dalili ba.

"Linval, dubi kunnuwan nan. Kamar murfin tukunya biyu. Na gidan Tennant ne ko a yanka ni. Na Cuthbert ne kai ko na Aston?"

Baƙon ya ajiye waya. "Cuthbert ne mahaifina."

"Na sani! Ɓarawon mangwaro. Yana nan?"

"Ya rasu bara."

Ta shafa bayan zakara.

"Allah ya hutar da shi. Ranar da zai tafi Ingila ruwa ake yi, akwatinsa na kwali ne. Uban wannan direban naka ya ɗauke shi a keken alfadari har ƙasan gada. Ni na riƙe masa ganyen ayaba a ka. Kuka yake yi, yana cewa ruwa ne."

"Bai taɓa faɗa mini ba."

"Zai faɗa? Filin ka zo gani?"

Ya ciro wata takardar, ta lauya, mai zane da lambobi. Ya ce an gaya masa iyakar tana nan a rubuce. Ta karɓa, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta mayar masa.

"Wannan ka kunna wuta da ita. Iyakarku ta fara daga bishiyar da aka binne cibiyar ubanka, ta gangara zuwa dutsen da ya tsage. Egbert zai ce maka dutsen ya matsa. Dutse ba ya matsawa, Egbert ne ke matsawa. Gobe ka zo da takalmin kirki in nuna maka."

Daga nan har gari bakinta bai rufe ba. Ta nuna masa cocin da aka yi wa ubansa baftisma, da rafin da ya kusa cinye shi, da gidan yarinyar da ta ƙi shi. Ta ciro wainar kwakwa daga aljihu ta miƙa masa, ya cinye. Wani rami ya jijjiga motar, zakara ya kuɓuce ya faɗa baya. Mista Tennant ya cafke shi, ya riƙe shi har suka isa. Linval ya sa ido a hanya. Tuƙi yake yi.

Marva tana tsaye a bakin shagon Mis Pearl, inda waya ke kamawa. Ta ga jar hula a kujerar gaba. Ba ta yi mamaki ba, don saƙon kamfani ya riga motar isowa.

"Baba! Awa huɗu! Awa huɗu kacal ka kasa!"

"Sannu, Marva," in ji Mis Icilda tana fitowa. "Ubanki ya koyi tuƙi da baya, kin sani?"

"Mis Icilda, don Allah. Sun dakatar da shi. Sun ce za su kira ƙarfe uku su ji ta bakinsa, daga nan su goge sunan."

Mista Tennant ya fito, gashin zakara a rigarsa. Ya sosa kunne.

"Laifina ne. Na yi gaggawa. Zan janye."

"Ba a janyewa," in ji Marva. "In ta shiga ta shiga." Ta ɗan yi tunani, fuskarta ta washe. "Sai dai hanya ɗaya. In baƙo ne ya gayyaci mutum da kansa, ba laifin direba. Yallaɓai, za ka iya rubuta musu cewa kai ka sa aka tsaya?"

"Yanzu ma. In ce gwaggona ce, fushin gajiya ya sa na rubuta ta farko."

"Da waɗannan kunnuwan?" in ji Mis Icilda. "To, na yarda. Na ga abin da ya fi haka."

Mutanen shagon suka fashe da dariya. Mista Tennant ya rubuta, ya aika. Marva ta sauke numfashi, ta juya wurin ubanta, wanda ke fito da akwatuna daga but.

"Shi ke nan, Baba. In sun kira, abu ɗaya za ka ce. Baƙo ya ce in tsaya, na tsaya."

Linval ya ajiye akwati. Ya dubi bakin shagon. Mutum goma sha ne a wurin, har da Egbert, wanda ya biyo ta gajeriyar hanya da addarsa don kada a ba shi labari. Duk sun san ya wuce Icilda. Abin da ya rage masa a garin nan shi ne ya koma da kansa. Yanzu ana so ya ce sai da ɗan Landan ya umarce shi.

"Mas Linval," in ji baƙon, "magana ɗaya ce. Ba wanda zai cutu."

"Tara cikin goma, Baba," in ji Marva. "Ka tuna."

Ya tuna. Ya ɗauko kwandon Mis Icilda, ya ɗora mata a ka, ya gyara mata gammo. Wayar Marva ta fara ƙara. Ƙarfe uku saura kwata, sun ma yi sauri. Ta danna, ta miƙa masa, tana roƙonsa da ido.

Wata murya mai laushi ta gaishe shi da cikakken sunansa. Ta ce sun sami bayani na biyu daga fasinja. Abin da ya rage ya tabbatar musu cewa fasinjan ne ya nemi a tsaya.

Linval ya riƙe wayar nesa da kunne, yadda yake yi kullum, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ba wanda ya ce in tsaya. Ni na tsaya, gobe ma zan tsaya."

"Baba, ka ce baƙo ne!"

"Ba zan ce ba."